Gayyar Tudu a Hawandawaki

Sunan Hawandawaki ba ya bukatar tafinta. Duk wanda ya sha Hausa a nono, da ya ji shi zai raba shi gida uku: hawa, da harafin nasaba, da dawaki. Gari ne a gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, dab da iyakar Nijar da Nijeriya. Ɗalibin tsarin sauti zai ƙara lura da cewa kalmomin biyu da suka gina sunan tabo iri ɗaya suke ɗauke da shi. Wasalin ƙarshe na aikatau “hau” yakan koma “w” idan wani wasali ya biyo bayansa, sai a sami “hawa” da “hawo”. Shi kuwa “doki”, masu nazarin tarihin harshe sun nuna cewa asalinsa “dawki” ne, jam'insa ne ya adana tsohon baƙin da tilo ya haɗiye. Baƙin nan ne ake ji a Madawaki da Ubandawaki da Dawakin Tofa.

Abin da sunan bai faɗa ba shi ne, a wannan yanki abin hawa bai wuce dabba da bishiya da rumbu ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, daga jigawa sai kwari, gonakin gero da wake da gyaɗa, gawo yana tsaye jefi-jefi a tsakaninsu. Matafiyin da ya bi babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Tasawa zai daɗe idonsa bai sauka kan abin da ya isa a kira shi dutse ba, sai ya doshi Damagaram. Kanawa suna da Dala da Gwauron Dutse, Zazzagawa suna da Kufena, Zamfarawa suna da Kwatarkwashi. Mutumin Hawandawaki tudu kaɗai ya gada, irin wanda jaki ke hayewa bai san ya hau ba.

Duk da haka, aikatau “hau” bai taɓa rasa aikin yi a bakin Bahaushe ba. Ana hawan doki, ana hawan karaga. Akwai Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a Kano, akwai hawan ƙaho wurin mahauta, akwai hawan Arfa wurin alhazai. Bene yana da hawa biyu ko uku, farashi yana hauhawa, bashi yana hawa kan mutum, mai fushi yana hawa dokin zuciya, jini ma yana hawa. Ingilishi ya ware aikatau guda domin zama bisa dabba, ya ware wani domin kama dutse. Hausa ta haɗa su a kalma ɗaya. Sai dai a ƙarƙashin wannan haɗuwa akwai bambancin da jiki ya fi ƙamus saninsa. Wanda ya hau doki, ɗaukarsa aka yi. Wanda ya hau dutse, shi ya ɗauki kansa. Keke ne ya zo ya rikita lissafin: a fili shi ke ɗaukar mai shi, a gangare ma har ya gudu da shi, amma da an iso gindin tudu sai bashin ya juyo, mahayi ya koma ɗaukar abin hawansa.

Keken ya shigo ƙasar Hausa da kalmominsa a kariya. Sunansa daga Yarabanci aka aro shi, aka kuma yi masa laƙabi da dokin ƙarfe. Feda da birki da giya da taya da faci da famfo duk daga Ingilishi suke, kowace ta bi ta matatar tsarin sautin Hausa: inda kalmar asali ta soma da “p” an sami “f”, inda baƙaƙe biyu suka haɗu a farko an raba su da wasali, inda ta ƙare da baƙi an lanƙwasa mata ƙarshe. Ko da yake Faransanci ne harshen lakwal a Nijar, waɗannan kalmomi ba baƙi ba ne a rumfar mai gyara ta bakin iyaka, domin kayan gyaran daga kasuwannin Katsina da Daura da Mai'aduwa suke ƙetarowa, kowane da sunansa. Amma mazaunin keke bai bukaci aro ba. Sirdi aka kira shi, kamar na doki. Da haka keke ya ci gadon doki tun dokin yana raye.

Shi ma daga baya an gaje shi. A zamanin Raleigh da Phoenix, mai keke mutum ne da ake ba hanya. Da babura masu araha suka cika kasuwa sai keke ya zama abin hawan ɗan makaranta da mai tallan da bai samu hali ba. Saboda haka, lokacin da wani malamin firamare mai shekara 52 a ƙasar Hawandawaki ya jingine babur ɗinsa ya fito da tsohon keke yana zagaya gonaki bayan sallar asuba, mutane ba su tambaye shi dalili ba, jaje suka riƙa yi masa a zuci. Sun ɗauka albashi ne ya gaza. Dalilin kuwa yana cikin wata 'yar takarda da ma'aikacin jinya na garin, wanda ake kira majo, ya rubuta masa. A ƙasashen da Faransa ta raina, awon jini da lambobi ƙanana ake faɗar sa: abin da likitan Kano zai kira 140 bisa 90, majo 14 bisa 9 zai ce, kuma daga nan ne ake soma maganar hawan jini. Na malamin ya zarce haka. Mahaifinsa ya shekara uku a kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin ya rasu, malamin ne kuma ya yi jinyarsa. Ya san ciwon ciki da bai. Majo ya ba shi magani, ya hana shi yawan gishiri, ya gaya masa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a kowane mako.

Sannu a hankali ya sami abokan tafiya uku. Na farko mai facin da ke gyara masa keke, mutum mai dantse wanda ya haura arba'in. Na biyu wani magini. Na uku tsohon ɗalibinsa, wanda ke karatun kimiyyar harshe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, yakan bi su idan ya zo hutu. Ba su da rajista, ba su da riga iri ɗaya, ba su da shugaba. Fitarsu ta safe “kilisa” suke ce mata, kalmar da masu dawaki ke kiran fita da doki domin ya miƙe ƙafa. Babu wanda ya zauna ya zaɓe ta. Mai faci ne ya furta ta wata safiya, ta zauna.

Ɗalibin ne ya kawo musu labarin duwatsu a cikin wayarsa. Ya nuna musu cewa a duniyar tseren keke, hawa shi ne sarauta. An soma Tour de France a 1903, aka shigar da shi manyan duwatsun kan iyakar Faransa da Sifen a 1910, kuma tun 1975 gwanin hawa farar riga mai ɗige-ɗigen ja yake sawa. A 2015 Daniel Teklehaimanot na Iritiriya ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya sa wannan riga. A watan Satumba na 2025 aka yi gasar duniya ta tseren keke a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a nahiyar Afirka, a ƙasar da ake wa kirari da mai tuddai dubu. Duk wannan ya burge su kamar yadda labarin teku ke burge mutumin tudu. Abin da ya tsaya musu a rai shi ne al'adar waɗanda ba ƙwararru ba, masu aikin ofis da shago da ke hawan keke don sha'awa. Suna da wani abu da suke kira Everesting: mutum ya zaɓi tudu guda, ya yi ta hawa yana gangarowa har jimillar tsayin da ya hau ta kai mita 8,848, tsayin dutsen Everest. Wani ɗan Ostireliya mai suna George Mallory, jikan Mallory da ya rasu a kan dutsen a 1924, shi ya soma yin haka a 1994, daga baya wata ƙungiyar mahaya ta birnin Melbourne ta tsara masa doka: mahayi ɗaya, tudu ɗaya, fita ɗaya, babu barci.

Magini ne ya ga ƙofar da ke cikin wannan doka. Idan maimaici yana tara dutse, ai mai tudu ma yana da dutse, a warwatse kawai yake. Everest ya yi musu nisa a jiki da kuma a zuci, sai malamin ya tuna da abin da yake koya wa yara a darasin sanin ƙasa: wuri mafi tsayi a Nijar shi ne ƙololuwar Idukal-n-Tages a duwatsun Bagzan na ƙasar Azbin, mita 2,022. Bagzan suna ne da masu dawaki suka sani, domin dawakinsa sun yi suna tun da. Suka ce wannan nasu ne, shi za su hau.

Akwai wani tudu a kan hanyar burji a wajen gari, inda masu amalanke ke sauka su kama wa shanu. Awon waya bai gamsar da magini ba, don kowace rana da lambar da take ba shi. Ya ɗauko abin da yake daidaita harsashin gini da shi, wato doguwar tiyo mai garai-garai cike da ruwa, da sanda mai tsawon mita guda. Ruwa ba ya ƙarya: duk inda bakin tiyon biyu suke, tsayinsa ɗaya ne a cikinsu. Da haka suka bi tudun daga gindi zuwa kai, sanda bayan sanda, suka sami mita 12 a cikin tafiyar mita 300. Malamin ya yi lissafi a ƙasa da tsinke. Hawan mita 4 ke nan a kowace mita 100, rabin na Alpe d'Huez, shahararriyar hanyar dutsen Faransa mai kwana 21, wadda matsakaicin hawanta ya ɗan haura 8 cikin 100. Idan aka raba 2,022 da 12, sai an hau tudun sau 169 kafin a taka kan Bagzan.

A wurin awon nan ɗalibin ya soma cika littafinsa. Faransanci yana da kalma ɗaya ta karkatar ƙasa, ko sama aka nufa ko ƙasa. Magini kuwa idan ya fuskanci gari “gangare” yake cewa, idan ya juya baya ya ce “hawa”. Ƙasar ɗaya ce, sunanta ya danganta da inda fuska ta duba. Tudun ya sami gaɓoɓin jiki kamar yadda Hausa ta saba yi wa wurare: yana da gindi, yana da kai, wurin da ya fi tsauri kuma suka kira shi ƙirji. Miƙewa tsaye bisa feda, wadda Faransawa ke kamantawa da mai rawa, mai faci “taka likkafa” ya ce mata. Karkace-karkacen da mahayi ke yi daga wannan gefe zuwa wancan don rage tsaurin hawa, “saƙa” suka kira shi. Babu kalma ko ɗaya a cikin waɗannan da aka ƙera sabuwa. Daga barga da masaƙa da jikin mutum aka ɗebo su.

Kalma ɗaya ce ta jawo gardama, wato sunan abin da za su yi. Hawa 169 tafiyar kilomita 100 ce da ɗoriya, rabinta sama ake yi, a kan burji, bisa kekuna marasa canjin giya. Dokar tseren ƙwararru ta hana keke ya gaza kilo 6.8, nasu kowane ya kusa ninka haka sau uku. Sun san babu ɗayansu da zai iya shi kaɗai. Ɗalibin ya kawo kalmar da gidajen rediyo suka saba da ita, “ƙalubale”. Magini ya ce wannan maganar 'yan siyasa ce. Malamin ya ce a kira shi gasa, a raba hawan huɗu, a ga wanda zai riga gama rabonsa. A ransa yana so ya nuna wa masu yi masa jaje cewa da sauransa. Mai faci ya saurare su duka, sannan ya ce: “Mushe, aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, aka taru aka raba shi, aka gama shi rana ɗaya, ai yana da suna tun kakanninmu. Gayya ke nan.”

Aka yi dariya, aka karɓa, ba tare da an lura da abin da aka karɓa ba. Charles Fillmore, masanin ma'ana ɗan Amurka, ya yi bayanin cewa kalma ba ta zuwa ita kaɗai. Takan jawo dukan fagen da take rayuwa a cikinsa, da masu rawa a fagen da abin da ake jira daga kowannensu. Wanda ya ce “gasa” ya kira na ɗaya da na ƙarshe, ya kira alƙali, ya kira kunyar wanda ya janye. Wanda ya ce “gayya” ya kira mai gayya da 'yan gayya, ya kira fura da tuwo, ya kira gona. A gayya ma akwai rige-rige, samari kan yi tseren kai kunya bakin gona, makaɗa na zuga su. Amma ba a tashi don wani ya yi na ɗaya. Ana tashi ne idan gona ta ƙare. Nan take abubuwa suka soma bin sunan. Tunda gayya ce, dole a sami mai ita, aka ce malamin ne, shi ya tara su. Tunda shi ne mai gayya, abinci yana wuyansa. Kowane hawa ɗaya aka kira shi kunya. Kowa zai ɗauki kunya 42, jimilla 168, saura guda a bar wa Allah.

Suka sa ranar Lahadi a cikin hutun ƙarshen Disamba, lokacin da amfanin gona ya shiga rumbu, hunturu kuma ya karya zafin rana. Majo ya yarda ya zo, bisa sharaɗin cewa idan ya ce a tsaya, an tsaya. Shi aka ba riƙon lissafi. Ya zauna a kan tudu da ƙwarya biyu, ɗaya da tsakuwa 169, ɗaya babu komai, duk wanda ya iso sai ya mayar da tsakuwa guda. Yashi ya cinye gefen hanyar, sawu biyu kaɗai ke da tauri, don haka bibbiyu suka riƙa hawa, biyu na hutawa.

Kunyoyin farko wasa ne. Sanyi na cizon yatsa, ƙafa na da ƙarfi, ana hawa ana ba'a. Da hantsi ya ɗaga sai iskar arewa maso gabas ta taso da ƙura, kuma ita tudun ke fuskanta. Kowane hawa ya zama kokawa da abokan gaba biyu. Tsidau ya huda taya sau uku, mai faci ya ci lokacin hutunsa yana gyara. Yara suka taru, sannan manya. Wasu suka ce wahalar da kai ce, babba da gemu yana hawa yana sauka ba kaya ba kasuwa. Wani mai fataucin gishiri da kanwa a kan keke, wanda kullum a nan yake sauka ya tura, ya wuce da safe ya ce in ƙarfi ne ya yi musu yawa ga buhunansa nan.

Ɗalibin, tsakanin numfashi da numfashi, ya ji azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960 suna fita daga allo suna yawo a kan hanya. Majo daga sama yana kira “Hawo!”, aji na shida, aikin da ke nufo mai magana. Yaran da ke gindin tudu suna ihu “Haye shi!”, aji na huɗu, aikin da aka kai ƙarshensa. Da magini ya ci karo da yashi a ƙirjin tudun ya dire ƙafa, sai ya ce wurin nan “ba ya hawuwa”, aji na bakwai, abin da ke yiwuwa ko ba ya yiwuwa. Saiwa ɗaya, kowa da reshen da matsayinsa a kan tudun ya ba shi.

Aka yi azahar, aka sha furar da uwargidan malamin ta aiko da ita. Tsakuwar da ta rage ta yi ƙasa sosai a ƙwarya, har yara suka soma cewa an gama. Magini ya tuna musu cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. A kunyarsa ta talatin malamin ya iso kan tudu ya kasa sauka daga sirdi sai da aka riƙe masa keken. Ya ce ƙura ce. Majo ya zaunar da shi a inuwa, ya bar shi ya huta, ya ɗaura masa abin awo, ya jira, ya sake ɗaurawa. Lambar ba ta sauko inda ya kamata ba, ga ciwon kai, ga jiri.

“Malam, ku dakata haka nan,” in ji majo.

“Saura goma sha biyu, majo. Mutane suna kallo.”

Wannan ita ce gaɓar da komai ya rataya a kanta. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsayawa gaban allo, wanda rabin masu kallon nan shi ya koya musu baƙi da wasali, ba ƙaramin abu ba ne a ce ya sauka a gabansu. Ya san abin da ya kwantar da mahaifinsa, amma ya san kuma abin da za a faɗa a majalisa da dare. Da gasa aka kira abin, da saukarsa faɗuwa ce, kuma akwai maza da yawa da suka gwammace jinya da faɗuwa. Mai faci ya ajiye famfo ya tsuguna kusa da shi.

“Mushe, a ina kuka taɓa ganin mai gayya ya rantse sai ya nome kunyarsa da hannunsa? Ku kuka kira mu, kun ciyar da mu. Gonar ce za a gama. Ku zauna ku riƙe mana ƙwarya.”

Ɗalibin ya ƙara da nasa cikin ladabi: “Malam, ai a gayya barin kunya ba abin kunya ba ne.” Malamin ya dube shi, ya yi murmushin wanda aka kayar da makamin da shi ya wasa, ya miƙa hannu ya karɓi ƙwaryar. Majo ya sa shi ya yi alkawarin zuwa asibiti washegari a sake duba maganinsa.

Sha biyun da ya bari aka raba uku, kowa ya ƙara huɗu a kan nasa. Da yake sun koma su uku, hutu ya gajarce, cinya ta soma ɗaurewa, saƙa ta yawaita. Babu sauran ba'a. Masu kallon da suka zo dariya suka koma ƙirga tsakuwa tare da malamin da babbar murya. Rana ta yi ja lokacin da ta 168 ta faɗa ƙwarya. Saura ɗaya, mahayan uku kuwa kowa na zaune a ƙasa yana duban ɗan'uwansa. A daidai nan mai gishiri ya dawo daga kasuwa. Ya ce sannunku da aiki, aka ce yauwa. Ya tambayi abin da ya rage, aka gaya masa. Duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa mai wucewa ta bakin gonar gayya yakan karɓi fartanya ya ja kunya guda kafin ya ci gaba da tafiya, ba a kuma cewa tasa ba ta shiga lissafi ba. Ya kwance ragowar kayansa, ya gangara, ya juyo, ya taka likkafa tun daga gindi har kai bai saƙa ko sau ɗaya ba. Da ya iso, abin da ya tambaya shi ne ko akwai sauran fura.

Bisa dokar mutanen Melbourne, abin da aka yi a wannan rana ba komai ba ne. Mahaya biyar ne maimakon ɗaya, na biyar ɗin ma ba a san da shi ba sai da yamma. Babu littafin da za a rubuta shi a ciki, kuma masu dokar suna da hujjarsu: abin da suke aunawa shi ne iyakar juriyar mutum guda, wannan kuwa ba ya rabuwa. Mutanen Hawandawaki ba su karya wannan doka ba, wani abu dabam suka auna. Sun aro tudu da lissafi da maimaici, suka bar kaɗaicin a inda suka same shi. Haka aro yake a harshe ma. Kalmar da ta shigo takan bar wani sautinta a bakin ƙofa, kamar yadda feda da birki suka yi. Al'adar da ta shigo ita ma takan bar wata dokarta.

Ba za a ce kalma ce ta tilasta musu ba. Harshe ba linzami ba ne da ke juya mai shi inda ya so. Mutane ne suka zaɓi sunan, da sun so da sun watsar da shi a lokacin da ya soma neman hakkinsa. Abin da kalmar ta yi shi ne, ta ajiye wa malamin hanyar sauka wadda mutuncinsa zai bi ya fita lafiya, ta kuma ajiye wa baƙo hanyar shiga. Ita kanta gayyar noma tana ja da baya a ƙauyuka da yawa, aikin ƙodago na kuɗi yana maye gurbinta. Sai ga shi dokokinta suna nan daram a cikin kalmar, suna jiran aikin da za a ɗora su a kai.

Akwai darasi a nan ga masu sha'awar ƙirƙirar kalmomin fannu. Aikin kwamiti yana da muhimmanci. Ba don irin littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ba, da ba a sami bakin tattauna aikatau da harafin nasaba da Hausa ba. Amma kwamiti ma'ana yake nema wa kalma, ba ya iya ba ta fage. Kilisa da likkafa da kunya da gayya sun zo da fagensu a goye, shi ya sa suka yi aiki tun ranar farko. Irin waɗannan kalmomi suna nan a rumfar mai faci da wurin magina da tashar masu amalanke, kuma mafi yawansu ba su shiga ƙamusun Bargery na 1934 ko na Jami'ar Bayero na 2006 da wannan sabuwar ma'ana ba, domin ma'anar ba ta daɗe da haihuwa ba. Mai son ya same su sai ya je inda ake zufa.

Malamin ya je asibiti kamar yadda ya alkawarta, aka gyara masa magani, aka ce ya ci gaba da kilisa amma ya bar ƙirjin tudu sai jininsa ya daidaita. Mai gishiri yakan biyo su ran da ba kasuwa. Magini kuwa ya ji labarin wani tudu a kan hanyar Korgom da aka ce ya fi nasu tsayi, ya ce ba zai yarda ba sai ya kai masa tiyo.